Kayan da Aka Ce An Mayar Gida

Mu mutanen Potiskum ba a koya mana lodi, da shi ake haihuwarmu. Ka ba ɗan garinmu kwalin ashana ka ce ya sa maka bijimi a ciki, zai juya kwalin ya ce, "Ɗaya kawai?" Tirelar da wanda ya ƙera ta zai rantse ta cika, a wurinmu yanzu aka fara. Shanu a ƙasa, katako a bisa, awaki a kan katako, mutane a kan awaki, sannan wani ya taho da gudu da buhun albasa yana cewa a taimaka. Kuma a taimaka masa. A garin nan idan ka ce wa mutum "ba wuri", gara ka zage shi, zai fi saurin yafe maka.

Ni dillali ne a kasuwar shanu, sana'ar da jarinta baki ne kawai, kuma Allah ya hore mini jarin. Shi ya sa duk inda aka taru sai ka gan ni, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba. Ranar da ƙaramin jirgin nan ya sauka ma ina wurin.

Akwai wani Alhaji mai tireloli a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, mutum mai sakin hannu. Ciwon baya ya kwantar da shi, likita ya ce a kai shi babban asibiti a birni, ya kuma ce idan aka bi da shi ta mota ramukan hanya za su ƙarasa aikin da ciwo ya fara. Sai 'ya'yansa suka yi hayar ƙaramin jirgi. Ya sauka da sassafe a tsohon filin jirgi na bayan gari, wurin da awaki ke kiwo, samari kuma ke koyon mota. Damina ce, an sha ruwa, ciyawa ta tashi, ƙasa ta yi laushi.

Kafin hantsi gari ya ƙare a filin. Har daga Yindiski da Danchuwa mutane suka zo, wasu da fartanya a kafaɗa. Kowa da waya a hannu, kowa ya juya wa jirgi baya yana ɗaukar fuskarsa. Jirgin kansa ɗan mitsitsi ne, da ka tsaya kusa da shi sai ka ji kamar ka tambaye shi ina babarsa.

Matuƙin saurayi ne siriri, baƙo daga can yamma, mai ladabin da ya yi masa yawa. Duk wanda ya gani da furfura sai ya rusuna. Tun da ya sauko yake cewa, "Don Allah a kawo mara lafiya mu tashi da sanyin safiya, kafin rana ta yi zafi." Muka yi masa dariya. Alhaji guda zai bar gari ba a yi sallama ba? Ai sai 'yan uwa sun zo, surukai sun zo, direbobinsa sun zo, wanda ya taɓa gyara masa taya shekarun baya ma sai ya zo ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kuma ba mai zuwa hannu sake. Wannan jarkar man shanu ce a kai wa likita, don ya duba Alhaji da kyau. Wannan buhun wake ne na 'yar Alhaji da ke aure a birni, kamar a can an hana sayar da wake. Ga zuma, ga kilishi, ga gero, ga soyayyen naman rago a bokiti. Kafin ka ce me, gefen jirgi ya koma rumfar kasuwa.

Yaron ya fito da ɗan sikelinsa na ratayawa, ya fara auna kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi jakunkunan tufafi da ta magunguna, ya ce sauran duk a bari.

Ƙanen Alhaji, wanda shi da babban ɗan Alhaji za su yi rakiya, ya ce, "Kai yaro, jirgin Makka mutum nawa yake ɗauka, da jakunkunansu da zamzam ɗinsu?"

Ya rusuna ya ce, "Baba, wancan tirela ne. Wannan babur ne mai ƙafa uku. Wallahi ba zai ɗauka ba."

"To ɗan buhun nan fa? Ba nauyi."

"Baba, a yi haƙuri."

Har abin da aka riga aka cusa sai da ya fito da shi da hannunsa, ya tara a gefe. Jama'a suka bi shi da kallo kamar ya tofa yawu a cikin fura. Wani a bayana ya ce, "Yaran yanzu, ba tausayi."

Ana cikin haka abinci ya iso daga gida, don a garinmu baƙo ba ya tafiya bai ci ba, ko da gidansa ke cin wuta. Yaron ya ce ya ƙoshi. Aka ce ba a yi wannan. Aka ce ni mai baki in zauna da shi in ɗebe masa kewa. Muka tafi gindin wata bishiya can bayan motoci, aka ajiye mana burabusko da miyar yakuwa. Na tambaye shi ko a sama ma akwai masu tare hanya su ce a kawo na goro. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce mini babansa tela ne, ya so ya gaje shi, amma shi ko zare a allura ba ya iya sawa. Muna gamawa aka kira azahar, muka yi salla. Sanyin safiyar da yake roƙo ya tafi tuntuni, rana ta tsaya a ka, ƙasa na fitar da tururi.

Da muka koma, tarin kayan nan babu shi. Wurin fes. Ya ce, "Ina kayan?"

Murya ta fi biyar ta amsa, "An mayar gida."

Ya nufi 'yar ƙofar da ke wajen wutsiyar jirgin. An riga an kwantar da Alhaji a ciki, yana nishi, zufa na zuba. Ƙanen Alhaji ya leƙo ya ce, "Haba yaro! Mutum na cikin ciwo kana zagaye jirgi kamar mai tayin saniya? Tun safe kai ke cewa mu tafi, to mu tafi mana!"

Yaron ya tsaya. Ya dubi ƙofar, ya dubi dattijon. Ya ce, "To, Baba." Ya shiga.

Jirgin ya fara gudu. Ya yi ta gudu, taɓo na tashi a bayansa, har muka fara cewa ko ta ƙasa zai kai su birnin. Sai dab da ƙarshen fili ya ɗaga, hancinsa ya miƙe sama kamar akuya mai son cin ganyen bishiya. Ya ɗan rataye a haka. Fiffike ɗaya ya karkata, ya faɗa cikin gonar gero. Muka ji ƙara, muka ga wuta. Su huɗun babu wanda ya fita. Kafin magariba an binne su, har da baƙon yaron, a maƙabartarmu. A wannan yinin ban yi wa kowa wasa ba.

Washegari kuwa Potiskum ta wayi gari da masana jirgin sama fiye da shanun kasuwa. Mai shayin bakin tasha ya ce tun daga ƙarar injin ya san akwai matsala, shi da ko injin markaɗe bai taɓa tayarwa ba. Wani ya ce aljanun filin ne, ba a nemi izininsu ba. Wani ya ce abokin hamayyar Alhaji ne ya yi aiki. Amma aljanu ba a son jan faɗa da su, abokin hamayya kuma yana da dangi a gari. Wanda ba shi da kowa shi ne matuƙi. Nan take aka daidaita: yaro ne, bai ƙware ba. Kafin la'asar ya zama ɗan koyo. Kafin isha ya sayi takardar tuƙinsa a kasuwa. Wanda jiya aka ce ba shi da tausayi don ya ƙi ɗaukar kaya, yau an ce kwaɗayi ya sa shi cika jirgi.

Masu bincike suka zo, namiji da mace, suka sauka a wani masauki. Sun tarar da ƙonannen wake da narkakkun jarkoki cushe a wutsiyar jirgin. Suka bi mutane suna tambaya wa ya sa, yaushe, kuma da sanin matuƙi ko babu. Garin da kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya ci jiya, ranar nan babu wanda ya ga komai. Wayoyi ɗari-ɗari, duk haƙoran masu su suka ɗauka. Wanda aka matsa wa sai ya ce, "To, ai direba shi ya san motarsa."

Ni na faɗi abin da na gani: ya sauke kaya, mun ci abinci, mun dawo babu kaya. Matar ta yi mini bayani yadda ko saniya za ta gane. Ta ce idan rana ta yi zafi iska takan yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa na raguwa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa da laushin ƙasa suna riƙe taya, sai jirgi ya cinye fili kafin ya kai gudun tashi. Nauyi ya yi yawa matsala ne, amma nauyin da aka tara a wutsiya ya fi muni, don shi ke ɗaga hanci sama har matuƙi ya kasa danne shi. Ta ce kowanne shi kaɗai wataƙila a tsira, amma ranar duk sun haɗu. Sai ta ce, "Abin da ban sani ba shi ne, wa ya mayar da kayan?" Na ce, "Hajiya, tunda mutanen garinmu duk sun ce ba su ba ne, ki rubuta aljanu." Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ba a samu mai faɗa ba, abin da zai tsaya shi ne matuƙi ya tashi da kayan da shi ke da alhakinsu, shi ke nan.

Da yammacin ranar aka kawo mini wani tsoho har gida, da 'yar jakarsa, aka ce mahaifin matuƙin ne, tunda ni na ci abinci da ɗansa na ƙarshe. Ƙaramin mutum ne, idonsa ya lalace da ɗinki. Na ba shi ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce tun daga tasha har nan fasinjoji labarin suke, ba su san ko shi wane ne ba. Ya ji ɗansa ɗan koyo ne, ya ji ya sayi takarda. Ya ce a gida ma maƙwabta sun nuna wa uwar yaron maganganun a waya, tun ranar ba ta sa komai a bakinta ba.

Ya ce, "Ɗana, an ce kai mai magana ne. Gaya mini gaskiya. Yarona ne ya kashe mutanen nan?"

Ni da nake sayar da saniya mai tari in ce waƙa take, ranar ko gishiri ban ƙara wa magana ba. Na gaya masa iyakar abin da na gani. Ya ce, "To wa ya mayar?" Na ce ban sani ba, Baba. Na kai shi kabarin, ya daɗe a tsugune. Da za mu dawo ya ce gobe in raka shi gidan Alhaji ya yi ta'aziyya, amma kar in ce wa kowa ko shi wane ne.

Washegari ranar sadakar uku, ƙofar gidan Alhaji ba masaka tsinke. Muka yi gaisuwa, muka samu gefen tabarma. Aka yi addu'a, aka shafa. To ka san zaman makokinmu, da an shafa fatiha sai a shiga gasar wa ya fi kusa da mamaci. Kusa da mu akwai wani Babarbare mai sayar da hatsi da wani Bafulatani mai shanu, abokan wasa, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba ko a gaban gawa.

Babarbaren ya share ido ya ce, "Allah Sarki Alhaji. Ni wakena ne guzurinsa na ƙarshe. Buhu guda na kai da kaina, zaɓaɓɓe."

Bafulatanin ya ce, "Kai bawana, rufa mana baki. Wakenka ai a ƙasa aka bar shi, na gan shi da idona yaron ya jefo shi. Man shanuna ne ya tafi da Alhaji, jarka biyu."

"Jarka biyu? Bafulatanin da ko nono sai ya tsarma ruwa? Naka aka bari, nawa ya shiga!"

"Ƙarya kake, mai tsagar fuska!"

"To a tambayi shugaban lodi, ga shi can!"

Shugaban 'yan lodin Alhaji wani ƙato ne mai zuciyar yara. Tun yana saurayi yake loda wa Alhaji tireloli, kuma duk makokin babu wanda ya kai shi kuka. Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Ku daina musu, duk naku ya shiga. Babu abin da ya rage. Ni na sa da hannuna." Har da ɗan alfahari a muryarsa. "Yaron ya ce ba wuri. Na leƙa baya na ga wuri har wuri. Na ce maigidana zai je birni hannu sake, ina raye? Da suka tafi cin abinci muka jera komai tsaf, na rufe da darduma. Ko motsi ba zai yi ba."

Babarbaren ya ce, "Ka ji ko!" Ya juya yana neman wanda zai taya shi murna. Sai ya ga babu mai kallonsa.

Tsohon da ke gefena ya yi gyaran murya. A hankali ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Da matuƙin ya dawo, kun gaya masa?"

"A'a Baba, ai da ya sake saukewa. Muka ce an mayar gida, don hankalinsa ya kwanta."

"Shi kuma ya buɗe ya duba?"

Shugaban lodi ya ce bai lura ba. Tsohon ya juyo gare ni. Na ce, "Ya nufi ƙofar, Baba. Aka yi masa tsawa. Ya fasa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka yake. Tun yana ƙarami ba ya iya musu da babba sau biyu. Ni na koya masa." Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Ni ne mahaifinsa."

 Shugaban lodi ya buɗe baki ya ce, "Baba, kayan fa ba su da yawa. Ko bayan a-kori-kura ba su cika ba. Ɗan wannan ne zai kayar da jirgi?" Yana faɗa yana duban fuskokinmu, yana jiran wani ya ce masa a'a.

Tsohon ya ce, "Ni tela ne, ban san jirgi ba. Waɗanda suka sani suna masauki. Abin da nake roƙo, ka je ka faɗa musu yadda ka faɗa a nan. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Nan fa masana suka farfaɗo. "Ƙaddara ce, Baba." "Kwana ne ya ƙare." "A bar tone-tone, mamata sun riga sun tafi." Mutanen da suka kwana biyu suna tone yaron har ƙashi, yanzu tone-tone ya zama haramun. Babarbaren ya ce in an duba da kyau ma wakensa bai kai buhu ba, 'yan kwanuka ne. Bafulatanin ya ce jarkokinsa ƙanana ne, irin na turare. Wasu suka tuna sun bar shago a buɗe.

Ɗan Alhaji na biyu, wanda ya rasa uba da wa da baffa rana ɗaya, shi ya tashi daga kan tabarma. Ya zo ya durƙusa gaban tsohon ya yi masa ta'aziyya. Sannan ya ce wa shugaban lodi, "Tashi ka je. Mun san ƙaddara ce. Ƙaddarar ba ta ce a ɗora wa baƙo abin da bai yi ba."

Ni na goya shugaban lodin a babur zuwa masaukin masu binciken, tsohon na biye da mu a wani. Duk hanya ƙaton nan yana kuka a bayana, yana cewa shi alheri ya yi niyya. Na ce na sani, duk garin alheri muka yi niyya, shi ya sa abin ya yi kyau haka. Ya shiga ya faɗa musu komai. Matar ta rubuta, ta sake tambaya, ta sake rubutawa. Da ta fito tsohon ya tare ta ya ce, "'Yata, yanzu yarona ya fita?"

Ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ya auna, ya ƙi, ya sauke, kuma an yi masa ƙarya. Wannan duk zai shiga. Amma matuƙi in ya bar jirginsa ya dawo, dole ya sake duba shi da idonsa, ko sarki ne ke masa tsawa. Kuma da rana ta yi haka, yana da ikon cewa sai gobe. Wannan ma zai shiga."

Ya ce, "Na gode. A sa duka."

Muka fito waje, ya zauna a kan wani dakali, ya ciro tsohuwar wayarsa ya ce in nemo masa lambar gida, idonsa ba ya gani. Na nemo, na miƙa masa, na ɗan matsa gefe, amma kunnen dillali ba ya rufuwa.

Ya ce, "Ke ce? To saurara. Ba ɗan koyo ba ne. Ya ce musu ba zai ɗauka ba, a gaban gari guda, ya sauke da hannunsa. Bayan idonsa aka mayar." Ya saurare ta. "A'a, bai duba ba. Ya so ya duba, babba ya yi masa magana." Ya sake sauraron ta. "E. Na ga wurin, sun binne shi da kyau, kusa da mai gidan. Yanzu ki tashi ki sha ko kunu ne. Ina nan a kan waya, sai na ji kin sha."